Idan Firgici Ya Sauka a Jiki

(Taken shiri, sannan a sassauta)

 Gaisuwa ta musamman ga mutanen ƙasar Gobir: na Sabon Birni da Isa, na Gatawa da Tsamaye da Unguwar Lalle da Kurawa, na ƙauyukan da ke zagaye da kufan Alƙalawa, da 'yan uwanmu da gudun hijira ya kai Gidan Runji da Cadakori da Garin Kaka a jihar Maraɗi, in muryarmu tana iso ku. Sannunku da haƙuri.

Yau maganar ciwo za mu yi, irin wanda ake kaiwa asibiti a yi awo a ce ba a ga komai ba, a dawo gida kuma mai shi bai tashi ba. Ƙafa ta ƙi taka ƙasa. Baki ya rufe ya ƙi magana. Budurwa ta riƙa faɗuwa tana shure-shure, an sha maganin farfaɗiya har an gaji. Ido a buɗe tas, mai shi ya ce duhu yake gani. Ina roƙon uwar gida ta matso da rediyo kusa, domin rabin abin da zan faɗa aikinta ne.

Ba sai na ba ku labarin abin da ƙasar nan ta gani ba, ku ne ganau. Amma saboda mai jinmu daga nesa: ranar 27 ga Mayun 2020 'yan bindiga sun afka wa Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa, suka kashe mutum sama da 70. A Oktoban 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo. A Disambar shekarar suka ƙone motar matafiya da mutanen cikinta a Gidan Bawa. Hukuma ta ce mutum 23, mutanen gari suka ce sun fi haka. A 2024 aka tare Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanya, ya rasu a hannunsu cikin watan Agusta. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. In irin haka ta faru, ana ƙidaya gawa, a ƙidaya shanu, a ƙidaya kuɗin fansa. Wanda ya ɓuya cikin gero ya ji komai da kunnensa, shi ba ya shiga lissafi, tunda ba jini a jikinsa. Alhali a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da ake rikici, mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, ƙarama ko babba.

Ciwon da muke magana a kai likitocin jijiya sun san shi sarai. A katin asibiti za ka ga an rubuta haruffa uku na boko, FND. Mu a nan bari mu kira shi tangarɗar aikin jijiya. Ƙwaƙwalwa ba ta da rauni, laka lafiya lau, jijiyoyin da suka sauka hannu da ƙafa ba wadda ta tsinke, amma saƙon da ke kai-komo tsakaninsu ya rikice. Kuma ba baƙon ciwo ba ne. A ƙasar Sikotland an bi sababbin majinyata 3,781 da aka tura wa likitocin jijiya, aka fitar da sakamako a 2010: kashi 16 cikin 100 irin wannan matsala ce ta kawo su. Ciwon kai kaɗai ya fi ta yawa. Ta ɗara farfaɗiya kanta.

Ku tuna watan Satumban 2021, da gwamnati ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Isa da Sabon Birni. Wayarka na hannunka, ka yi mata caji, ka sa kati, ba ta faɗi ba, ruwa bai taɓa ta ba. Ka kai wa mai gyara ya kwance ta, ba zai ga abin da ya ƙone ba. Amma kira ba ya fita, sai ka nufi bakin iyaka ka kamo layin Nijar. Ba wanda ya ce wayarsa ƙarya take yi, ba kuma wanda ya jefar da tasa. Ranar da aka maido da sabis ta ci gaba da aiki. To haka gaɓar mai wannan ciwo take.

Ga misalin yadda abin kan zo, na kuma san da yawanku za su ce ai gidanmu ake nufi. Yarinya ce 'yar shekara 15. Daren da ɓarayi suka shigo garinsu, uwarta ta cusa ta cikin tarin kara a bayan rumbu, ta kwanta rub da ciki, hannunta a kan bakin ƙanenta. Ta tsakanin karan ƙafafu kawai take hange da hasken tocila, tana jin muryar babanta yana roƙo. Gari ya waye ta fito ba ko ƙwarzane. Ita ta ɗauki ƙunshin kaya, ita ta goya ƙanen har cikin Sabon Birni, kowa na yaba ƙarfin halinta. Sai bayan wata biyu, a makarantar firamaren da aka sauke su, gab da magariba tana tankaɗe, babura uku suka wuce a jere ta bayan katanga. Rariya ta suɓuce mata. Daga baya ta ce kunnenta ne ya fara toshewa, muryoyin mutane suka yi nisa, hannun ya zama ba nata ba. Ta sulale ƙasa, ido a runtse gam, kai na juyawa dama da hagu, jiki na karkarwa. Ya lafa, ya sake tashi, har kusan rabin sa'a. Da ta farfaɗo sai kuka. Uwar ta dubi maƙwabta ta ce, "Wallah tun da mun ka baro gida lahiya lau take. Yanzu da mun ka samu wurin kwana, sannan abin ga yat tashi?"

Tambayar uwar nan tana da amsa. A can cikin ƙwaƙwalwa akwai ɗan sashen da aikinsa gane haɗari, likitoci na ce masa amigdala. Kafin ka yi tunani ya riga ya ba da umarni: zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sama, jini ya tafi cinyoyi, ko a gudu ko a yi faɗa. To in ba halin gudu ba halin faɗa fa? Sai jiki ya bi hanya ta uku, ya sandare. Murya ta ɗauke, gaɓoɓi su mutu, jin zafi ya ragu, mutum ya ji yana kallon abin da ke faruwa da shi daga gefe. A daren hari wannan rahama ce, ita ta hana yarinyar nan yin ihu. Inda matsala take, ƙwaƙwalwa takan riƙe darasin fiye da kima. Hari ya wuce, ita ba ta yarda ya wuce ba. Ƙugin babur, haushin kare da tsakar dare, warin hayaƙin kara, wani sa'in ma gajiya da yunwa kawai, sai ta koma hanyar da ta taɓa ceton ta. Kuma sau da yawa sai an sauka an sarara abin ke bayyana, don ana cikin gudu ba a jin ƙaya.

Masu bincike sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu wannan ciwo tana cikin aiki. Sun ga sashen tsoro yana cusa kansa cikin aikin sashen da ke shirya motsin gaɓoɓi fiye da yadda yake a sauran mutane, sashen da ke ba mutum jin cewa "ni ne na motsa hannuna" kuma aikinsa ya ja baya. Shi ya sa mai ciwon ke rantsuwa ba shi ke yi ba. Gaskiya ya faɗa.

Mata sun fi kamuwa, ninki biyu zuwa uku. Amma mazan da ke cewa ciwon mata ne su saurara. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, sojojin Birtaniya kimanin 80,000 aka yi jinyar irin wannan hali, ƙarti majiya ƙarfi: wani ya bebance, wani ya kurumce, wani ƙafa ta ƙi tafiya, ba harsashi a jikinsu. Wani likita mai suna Charles Myers ya yi rubutu a kai a 1915. Da fari an zaci girgizar bam ce ta taɓa ƙwaƙwalwa, sai aka ga har wanda bam bai faɗi kusa da shi ba yana kamuwa. Wasu hafsoshi suka ce ragwanci ne, aka riƙa jona wa bayin Allah lantarki wai su tashi. Sai kuma ƙasar Kambodiya, inda gwamnatin Kemar Ruj ta hallaka mutane tsakanin 1975 da 1979. Matan da suka tsira wasu sun yi hijira zuwa Kalifoniya ta Amurka. A shekarun 1980 masu awon ido a Los Anjalas suka ci karo da kimanin 150 daga cikinsu, yawanci dattijai, ganinsu ya tafi ko ya dusashe, na'ura kuwa ta nuna ido lafiya. Da aka zauna da su aka tarar da yawansu a gabansu aka kashe miji ko ɗa, kuma waɗanda suka fi daɗewa a sansanonin azaba su suka fi rashin gani.

Musulmi bai kamata wannan ya ba shi mamaki ba. Yaron da ya kai Suratu Yusuf a allo ya ji yadda baƙin cikin rabuwa da ɗa ya taɓa idon Annabi Yaƙubu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ba ina ɗora sunan wani ciwo a kan Annabin Allah ba ne. Abin nufi, cewa baƙin ciki na isa ga gaɓa ba Bature ya fara faɗa mana ba.

A ƙasar nan kuma akwai abin da ke ƙara wa ciwon ƙarfi, wato abubuwan da ba su faɗuwa. Matar da aka karɓo daga daji bayan an sayar da gona an biya fansa, da wane baki za ta ce wa mijinta har yanzu ba ta da lafiya? An ce ta gode wa Allah, ta kuma gode. Magidancin da aka tsuguna da shi a gaban 'ya'yansa, ko aka kora shi noman gonar ɓarayi, wa zai gaya wa? Haƙuri da tawakkali ba mai ja da su. Sai dai "sai haƙuri" iri biyu ce: akwai wadda ake faɗa a zauna kusa da kai, akwai wadda ake faɗa don ka yi shiru a tashi. Hausawa dai sun ce jiki magayi.

(Ɗan kiɗa)

Jama'a, a nan sai mun taka a hankali. A 2018 wasu masana suka tattara bincike 34 da suka ƙunshi majinyata 1,405, suka buga a mujallar Lancet ta lafiyar ƙwaƙwalwa. Sun tabbatar masu wannan ciwo sun fi sauran mutane cin karo da masifa ko cutarwa, a ƙuruciya ko a girma. Abin da ya fi tsaya mini a rai, wanda ya fi nauyi a lissafinsu rashin kulawa ne, yaron da ya tashi ba mai jan sa a jiki. Wannan ya ɗara duka, ya ɗara keta haddi. Ku riƙe wannan, ku dubi marayun da rikicin nan ya rarraba a gidajen dangi. Amma binciken ya kuma nuna akwai waɗanda aka bi tarihinsu kaf ba a samu wata masifa ba. Wani daga babur ya faɗo, wani zazzaɓi ya kwantar da shi, wani tiyata aka yi masa, ciwon ya ɗora daga nan. Tun 2013 kundin cututtuka na likitocin ƙwaƙwalwar Amurka ya cire sharaɗin cewa sai an gano wata damuwa kafin a kira ciwo FND. Sannan dubban mutane sun ga abin da ya fi na yarinyar nan ba su faɗi ba. Wasu nasu ta mugun mafarki da zabura da rashin barci ya fito, wanda shi ciwo ne daban, ko da yake sukan zo tare.

Me ya sa na nace a kan wannan? Saboda bakin mutane. Kada gobe a ga 'yar wani ta faɗi a ce ai rediyo ta ce duk mai faɗuwa ɓarayi sun taɓa ta. Ban faɗa ba, likitoci ba su faɗa ba, kuma wanda ya faɗa ya ɗauki alhakin auren yarinya da mutuncin gidansu.

Yanzu mu leƙa ɗakin likita, don ku ga cewa ciwon nan gane shi ake yi, ba wai in an rasa abin faɗa ake laƙaba shi ba. Magidanci ne kwance a gadon awo, ƙafar hagu ta mutu tun makon da aka sako shi. Likita ya zura tafin hannunsa ƙarƙashin dunduniyar hagun ya ce, "Baba, danne hannuna." Dattijo ya yi ta yunƙuri, gumi ya keto masa, ƙafa ko gezau. Likita bai janye hannun ba. Ya ɗora ɗaya hannun a kan ƙaurin dama ya ce, "To Baba, rabu da waccan. Ɗaga mai lafiyar, ture hannuna sama, da ƙarfi." Yana ɗagawa, sai dunduniyar da ta mutu ta danne tafin likita da ƙarfinta. In shanyewar ɓarin jiki ce ta hawan jini, ƙafar za ta zauna a mace ko ta wace hanya aka bi. Wani likitan Amurka, Charles Hoover, shi ya bayyana wannan gwaji a 1908. Da can likitoci ɓoye shi suke yi, suna ɗaukarsa tarkon kama maƙaryaci. Yanzu nuna wa majinyaci ake yi: "Baba, ka ji? Ƙarfin yana nan. In ka zuba mata ido sai ta ƙi, in hankalinka ya koma wani wuri sai ta yi. Aikinmu mu maido da wannan." Ga mutumin da ya riga ya sallama ƙafarsa, wannan magana kaɗai farkon magani ce. Haka mai karkarwar hannu, in aka sa shi ƙwanƙwasa tebur da ɗaya hannun, karkarwar takan tsaya ko ta bi bugun. Wani nazari na 2005 ya nuna cewa tun daga shekarun 1970, cikin waɗanda aka ce wannan ciwo gare su, kusan 4 cikin 100 ne kawai daga baya aka gano wata cuta ce daban.

Don haka 'yan uwana malaman asibiti, ina da ƙorafi. Mutum ya sayar da akuya, ya biya kuɗin mota, ya ratsa Kwanar Maharba da ransa a hannu, ya iso gabanka da 'yarsa a kafaɗa. Ka duba takardar awo ka ce, "Ba abin da ke damunta, ku tafi gida." Ka san me ya ji? Ɗayan biyu: ko 'yarsa maƙaryaciya ce, ko ciwon ba na asibiti ba ne. Ta farko ta jawo mata duka, ta biyu ta kai su hannun wanda zai cinye sauran awakin. Na san layi na da tsawo, ma'aikata kaɗan ne. Amma minti biyar sun isa ka ce: ciwonki na gaske ne, ga sunansa, ga abin da na gani a jikinki da ya sa na faɗa, kuma ana warkewa.

Yaya ake bambance shi da farfaɗiya? Mai farfaɗiya yawanci idonsa a buɗe yake, jiki ya sanƙare sannan ya yi fizge-fizge, cikin minti ɗaya ko biyu an gama, yakan ciji gefen harshe, ya bi da minshari da barci mai nauyi. A faɗuwar tangarɗa kuwa ido a rufe yake, abin yakan ja lokaci, yana lafawa yana tashi, wani sa'in mai shi yana jin maganar mutane amsawa ce ba ya iyawa. Na faɗi wannan don ku iya ba likita labari daidai, ba don ku yanke hukunci a tsakar gida ba, domin akwai masu ɗauke da duka biyun. Kuma akwai halin da ba a jira ko kaɗan. Faɗuwar farko a rayuwa, asibiti. In da zazzaɓi ko sanƙarewar wuya, ku tuna sanƙarau da zazzaɓin sauro mai hawa kai. Mai ciki ko mai jego ta yi jijjiga, ko da tsakar dare ne a nemi mota. Wanda aka buga wa gindin bindiga a ka, wanda bakinsa ya karkace, mai ciwon suga, matashin da ke shan tiramol, duk asibiti. Yaro ɗan ƙasa da shekara 15 kuma in ƙafa ko hannu ya saki farat ɗaya, a sanar da malamin asibiti nan take a yi gwajin shan inna.

Na san tambayar da ke bakin wasu tun ɗazu: to aljanu fa? Ƙasar Gobir ba baƙuwar wannan magana ba ce. Tun zamanin Alƙalawa, kafin birnin ya faɗi a 1808, fadar Gobir tana da sarautar Inna, wadda sha'anin bori da masu iskoki ke hannunta, har yau kuma ana naɗa ta a Tsibiri. Malamai suna da rubutu da tofi. Ruƙiyya ta ƙara yaɗuwa a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da 'yan matan makarantun sakandare a Kano suka riƙa faɗuwa rututu aka ce wata aljana ce mai suna Sumbuƙa. Irin wannan faɗuwar taro an gan ta a ƙasashe da yawa. A 1962 sai da aka rufe wata makarantar 'yan mata a Kashasha ta ƙasar Tanganyika. Inda mutane suka haɗa tsoro ɗaya, ido na ɗaukar ciwon daga ido, shi ya sa in ɗaya ta faɗi a aji ko a sansani, abu na farko a janye sauran daga wurin.

Shirin nan bai zo musun abin da addini ya tabbatar ba, wannan fagen malamai ne. Abin da nake ja da shi bulala ce, da hayaƙin barkono, da shaƙe wuya, da mari a ƙafa. Allah gafarta malam, dubi abin da kyau. Yarinyar da ta sandare don an taɓa danne ta, ka sa ƙarti huɗu su danne ta, kana yi mata tsawa a kunne kana cewa fita: ka mayar da ita daren nan ne da hannunka. Mun ga abin da aka fito da shi daga gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura a 2019. Karatu cikin natsuwa da murya mai taushi, daga bakin wanda ta amince da shi, mahaifiyarta na zaune a gefe, wannan yana kwantar da zuciya, likita mai hankali ba zai hana ba. Farfesa Thomas Lambo, da ya fara jinyar masu lalurar ƙwaƙwalwa a ƙauyukan Aro kusa da Abekuta a 1954, a gidajen mutane ya sauke majinyata tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Malami da likita suna iya haɗa majinyaci ɗaya, in kowa ya san inda hannunsa ya tsaya.

To uwar gida, ga naki. In yarinyar ta faɗi, kawar da murhu da wuƙa da turmi, sa mata zane a ƙarƙashin kai, juya ta gefe. Kada a cusa cokali a baki, kada a ɗura ruwa ko rubutu tana cikin halin, kada a kanga ƙafarta a wuta, kada a danne ta. Sallami 'yan kallo. Taron mutum 20 ana salati da kururuwa ƙara wa abin tsawo yake yi. Mutum ɗaya ya isa, ya zauna kusa ya kira sunanta a hankali: "Kina Sabon Birni, Inna ce, ba kowa, yanzu zai wuce." In ta farfaɗo kada a tsare ta da tambaya, a bar ta ta huta ta koma abin da take yi.

Yawancinsu suna jin zuwansa: jiri, toshewar kunne, faɗuwar gaba, ganin abubuwa na yin nisa. Nan ne wurin tare shi. Ta zauna, ta ja numfashi ta hanci ta sake shi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa tsawo. Ta riƙe tasbaha tana jin kowace ƙwaya a yatsa, ko ta tsoma hannu a ruwan randa, ta ambaci abin da idonta ke gani da sunansa: ga buta, ga tabarma, ga akuyar maƙwabta. Ba ranar farko ake iyawa ba, koyo ne.

Mai mutuwar ƙafa ko hannu kuma, babban kuskure a shimfiɗa masa tabarma a ƙuryar ɗaki a ce sai ya warke zai fito. Masu gashin ƙashi da suka san ciwon ba sa cewa "yi ƙoƙari ka ɗaga". Dabararsu ɗauke hankali daga gaɓar. Su sa mutum tafiya da baya, ko yana tafe yana ƙirge, ko yana cafe abin da aka jefo masa. A gida ma haka: a ba ta tsintar wake, ɓarar gyaɗa, daga baya ɗan daka, shi kuma a raka shi masallaci, yau bakin zaure, gobe gaba kaɗan. Maganar abin da ya faru kuwa ba a tatsar ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta hana a zaunar da wanda masifa ta samu a tilasta masa zayyana komai. Ki dai nuna mata kunnenki na nan, kuma abin da ta faɗa ba zai fita zaure ba.

Maganin farfaɗiya ba ya aiki a kan wannan faɗuwa, allurar barcin da mai kemis ke yi duk sanda ta faɗi kuma illa take ƙarawa. Amma wanda aka riga aka ɗora a kan maganin farfaɗiya kada ya yanke da kansa, likita ne zai janye shi sannu a hankali. Ba zan yi muku alkawarin da ba shi ba. A Birtaniya an gwada jinyar zama da tattaunawa a binciken da ya haɗa masu irin wannan faɗuwa 368, sakamako ya fito a 2020: bayan shekara, yawan faɗuwarsu a wata bai bambanta sosai da na waɗanda ba a yi wa ba, sai dai sun fi samun dogon lokaci ba faɗuwa, sun fi komawa harkokinsu, abin ya rage damunsu. Wanda aka gane nasa da wuri, aka yi masa bayani ya gamsu, shi ya fi samun sauƙi.

Ina za a je? A fara da asibitin Isa ko na Sabon Birni ko wanda ya fi kusa, su tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya da ke Kware. Na san yadda ake jin "an kai shi Kware" a ƙasar nan. A cire wannan, masu rashin barci da masu farfaɗiya ma can suke karɓar magani su koma gida a ranar. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Doka ta yi kyau, amma likitocin wannan fanni a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma ba a Isa suke zaune ba. Abin da zai yi mana aiki shi ne horar da malaman asibitin da ke cikinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin yin haka tun 2008, tana kuma da wani tsarin zama biyar da mutumin gari da aka horar zai iya gudanarwa, wanda aka gwada a Peshawar ta Pakistan, inda su ma suka sha tashin bam, aka ga amfaninsa. Shugabannin ƙananan hukumominmu da ma'aikatar lafiya ta jiha, wannan bai kai kuɗin gina shataletale ba.

Kada kuma mu yaudari kanmu. Na ce ƙwaƙwalwar mai ciwon ba ta yarda haɗari ya wuce ba. To a garuruwa da yawa na Isa da Sabon Birni, gaskiyarta. Da wuya ka koya wa jiki ya saki alhali ana aiko wa garin takardar haraji, mata na kwana a daji su dawo da asuba. Wannan kason na masu riƙe da tsaro ne, likita ba shi da allurarsa.

Mai shirin zuwa asibiti, ya tafi da wanda ya ga faɗuwar da idonsa, da kwalayen duk maganin da aka sha, har na kemis da na gargajiya. In akwai waya mai kyamara, mutum ɗaya na cikin gida ya ɗauki bidiyon faɗuwar tun daga farkonta, fuska na fitowa, an rufa mata jiki. Likita kaɗai za a nuna wa, a goge bayan ya gani. Ba na WhatsApp ba ne.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yaran da suka koma fitsarin kwance da firgita cikin barci bayan hari.  

(Taken rufe shiri)